Kujerun Mai Rumfa a Harabar Kotu

Zuwa ga Kawuna abin girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta 'ya ga uba, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a cikin nemanka, ya yaye maka ciwon gwiwar nan da Umma ta ce yana hana ka hawa bene. Allah ya tsare ku a inda kuke, ya kuma dawo mana da ku lafiya idan lokacin zuwa ya yi.

Mu nan muna lafiya gwargwadon hali. Auta ya zubar da haƙoransa na gaba, yanzu idan zai yi dariya sai ya rufe baki da littafi, amma surutu bai ragu ba ko kaɗan. Umma na nan kan keken ɗinkinta tun safe har idonta ya fara ruwa. Ni kuma mun shiga zangon ƙarshe, jarrabawa ta matso, kuma takalmin da ka aiko ya yi mini daidai, na gode ƙwarai. Goggo tana zuwa kusan kullum idan ta tashi daga kasuwa. Baba yana nan yadda ka sani. Yana iya zama idan an jingina shi da matashi, yana jin ƙafarsa ta dama idan an matsa, ta hagu kuwa sai dai ya kalle ta. Ya ce in gaishe ka duk ranar da na yi magana da kai, ko da yake bai san ina wannan rubutu ba.

Kawu, ka san ni ba mai iya magana a gaban manya ba ce. Duk ranar da Umma ta miƙo mini waya, daga ina wuni sai lafiya lau, sai harshena ya yi nauyi, har kai da kanka ka ce in ba Auta. Shi ya sa na ɗauki biro. Ina bakin ƙofa ina gugar rigar makaranta ranar da ka kira Umma, wayar tata kuwa ba ta riƙe sirri, duk abin da ka faɗa na ji. Na ji ka ce Mai Rumfa ya kira ka yana kuka, wai an tozarta shi a idon jama'a. Na ji ka ce abokinka ne tun kuna yara, kai ka kai masa Baba aiki, don haka a janye, a sakar masa kayansa da kotu ta ƙwace, zai riƙa biya kaɗan-kaɗan. Ka ce ba kyau a toshe wa mutum hanyar abincinsa. Umma ta ce to Yaya, kamar yadda take ce maka kullum. Da ta ajiye wayar sai ta shiga kicin ta daɗe, alhali ba abin da ta ɗora a wuta. Na san kukansa kaɗai ka ji. Ina roƙon ka yi haƙuri ka ji namu.

An gaya maka Baba ya faɗo a wurin aiki, amma ba a gaya maka yadda aka yi ba, don Umma ba ta son tayar maka da hankali. Baba ya daɗe yana gaya wa Mai Rumfa cewa tsatsa ta cinye mahaɗin ƙarafan babbar rumfa, ko a canza su ko a daina fitar da ita haya. Amsar da yake ba shi ita ce wai ba da kuɗin Baba aka sayo ta ba, ya yi abin da aka sa shi. Ranar da abin ya faru Baba yana saman tsani yana ɗaure tamfol, sai ƙarfen tsakiya ya ɓalle daidai inda ya sha nunawa. Ya faɗo, ƙarfen ya biyo shi ya sauka a ƙugunsa. Abokan aikinsa suka sa shi a motar ɗaukar kujeru suka kai asibiti. Direban ne ya gaya mana daga baya cewa ko sauke shi ba a gama ba, Mai Rumfa ya kira yana faɗa, wai a dawo da mota maza, akwai kujerun da ba a kai ba.

Duk zaman da Baba ya yi a asibiti, mutumin nan bai taka ƙafarsa ba ko sau ɗaya. Abin da ya aiko kawai shi ne ma'aikacinsa, wai a ba shi rigar aikin da Baba ya faɗo da ita, mai sunan shagon a baya, wai kayan shago ce. Umma har ta fara laluben jaka, ka san ta. Goggo ce ta fizge rigar ta cusa a ƙarƙashin zaninta ta zauna a kai. Ta ce wa ɗan aiken ya koma ya gaya wa ubangidansa rigar ta zama ta Baba, tunda da jininsa ya saye ta. A lokacin ban gane dalilin neman rigar ba, sai da muka je kotu.

A kotu, Kawu, ina zaune a bencin baya da kayan makaranta, na ji da kunnena abokinka ya ce bai san Baba ba sai dai a fuska. Wai ɗan ƙwadago ne irin waɗanda ke tsayawa bakin shago ana kiransu idan aiki ya yi yawa, kuma shi bai sa shi hawa tsani ba. Baba wanda tun ban shiga firamare ba yake buɗe masa shago, wanda ya kai matar Mai Rumfa asibiti ranar haihuwar ɗanta na ƙarshe saboda shi yana wurin karɓar kuɗi. Baba yana kan keken aro a gefe, ya sunkuyar da kai kamar shi ne ya yi ƙaryar. Lauyarmu, wata mata mai sanyin murya da ƙungiyar taimakon ma'aikata ta haɗa mu da ita, ta fito da rigar nan, direba kuma ya yi shaida. Alƙali ya yanke hukunci a biya Baba diyya da kuɗin magani. Umma ta yi ta godiya ga Allah a cikin mota, ni ma na zaci an gama. Ashe takarda kawai aka ba mu.

Wa'adin da kotu ta ba shi ya wuce bai aiko da ko sisi ba. Na raka Umma shagonsa don ta yi masa magana ta mutunci. Mun same shi yana waya, ga kujeru a bayansa an jera su kan juna har kusa da rufi. Ya bar mu a tsaye. Mutumin da sana'arsa ita ce ba jama'a wurin zama, ya bar Umma a tsaye da ciwon bayanta har ya gama wayarsa, ya kira wani, ya gama. Sannan ya ɗago ya ce wai alƙalin da ya yanke hukunci shi zai biya, mu je mu dafa takardar mu sha. Ya dube ni ya ce wai ko wannan ce 'yar bokon da ke karanta mana takardu, to in karanta wa uwata inda aka rubuta ranar da zai ba da kuɗi. Ma'aikatansa ba wanda ya yi dariya, shi kaɗai ya yi abarsa. Na riƙe hannun Umma muka fita, kafin mu kai titi na ciji leɓena har ya fashe.

Lauya ta ce idan mutum ya ƙi biyan abin da kotu ta ɗora masa, akwai hanya. Ana komawa a nemi izini, ma'aikatan kotu su ƙwace kadarorinsa, a yi gwanjonsu a biya mai haƙƙi. Muka bi hanyar, aka ba da izini. To a nan muka ga wani sabon salo. Gidan da yake ciki da sunan matarsa yake. Motar hawansa da sunan ƙaninsa. Abin da ya rage da sunansa shi ne kayan haya da motar ɗaukarsu, su kuwa ba sa kwana wuri ɗaya. Ma'aikatan kotu suka je sitonsa suka tarar da karyayyun kujeru da yagaggen tamfol da ɓeraye. Suka sake komawa, haka. Duk zuwa kuma mu ke biyan kuɗin mota, daga aljihun keken ɗinkin Umma. A zuwa na ƙarshe ma har ruwan sanyi Mai Rumfa ya aika aka sayo musu, ya ce wai su riƙa leƙowa, yana jin daɗin baƙi.

Wata rana da yamma Goggo tana zaune bakin gadon Baba tana zagin ma'aikatan kotu, wai ko makafi ne, kujerun da ake gani a kowane taro su ba sa gani. Baba ya ce kada ta ga laifinsu. Ya ce tun da aka shigar da ƙara, mutumin ya daina mayar da kaya sito. Daga wannan taro sai wancan, abin da ya rage a raba a gidajen ma'aikata. Ya ce shi a iya zamansa a shagon, kayan ba sa haɗuwa wuri ɗaya sai idan babban kwastoma ya ɗauke su gaba ɗaya, a irin wannan rana kuwa Mai Rumfa da kansa yake zuwa karɓar cikon kuɗi, don bai yarda da kowa ba. Baba labari kawai yake bayarwa, har ya juya zai yi barci. Can sai Goggo ta tambaye ni wai mutumin nan ya taɓa ganin fuskarta. Na ce a ina zai gan ta, tunda bai je asibiti ba, ranar kotu kuma tana gida da Auta yana zazzaɓi. Ta ce to Allah ya yi masa albarka da wannan rashin zumunci.

Da aka gaya wa Lauya, ta ce doka ta yarda a ƙwace kayansa duk inda aka same su, amma ita ba za ta sa hannu a ƙarya ba. Goggo ta ce wa ya ambaci ƙarya. Ita ce shugabar ƙungiyar mata masu sayar da yadi a layinsu, kuma sun daɗe ba su yi taro ba. Idan ta ga dama ta zaunar da kowace mace a kan kujera ta ɗora ƙafafunta a kan wasu, ai kuɗinta ne. Ta sayar da 'yan kunnenta na zinariya, waɗanda ko bikin 'yarta ba ta yarda an taɓa ba. Ta ci ado, ta ari jakar maƙwabciyarta, ta tafi shagon. Ta ce tana son komai da komai, manyan rumfuna da ƙanana, kujerun roba da na manyan baƙi, tebura, janareta, lasifika. Ta dawo tana ba mu labarin yadda ya share mata kujera da hannun rigarsa, yana ce mata ranki ya daɗe. Ta yi ciniki sosai don kada ya yi zargi, har ta ce masa ɓarawo, ya yi dariya. Ta biya kafin alƙalami, ya rubuta mata rasit da hannunsa ya buga hatimi.

Ranar taron ba makaranta, don haka na je. Filin ƙwallon da ke bayan kasuwa ne. Tun da safe motarsa ke kai da kawowa, ma'aikatansa suka kafa rumfuna suka jera kujeru layi-layi har bakin raga. Na tsaya nesa a gindin wata bishiya na ja mayafi, don shi ya san fuskata. Matan ƙungiya suka zo, Kawu, ba su cika ko layin farko ba. Tsofaffi ne yawancinsu, wata da jikarta a baya, wata da ledar lemo. Suka zauna a tsakiyar wannan tekun kujeru suna fifita da gefen gyale. Goggo ta karɓi abin magana ta buɗe taro da addu'a, muryarta na amsa kuwwa a filin da ba kowa, har masu shaguna suka fara leƙowa. Suka shiga maganar tsadar yadi da gaske kamar abin da ya tara su ke nan. Sai ga Mai Rumfa ya iso cikin farar shadda da ƙamshin turare. Ya wuce kai tsaye ya zauna a babbar kujerar manyan baƙi mai laushi, ya harɗe ƙafa, ya tambayi Goggo ina jama'arta. Ta ce masa suna hanya, ba su da yawa amma suna da nauyi.

Ba a jima ba motar kotu ta shigo da 'yan sanda biyu. Babban ma'aikacin, wani dattijo mai tabarau, shi ne dai wanda aka saya wa ruwan sanyi a sito. Ya yi sallama, ya karanta takardar izini a tsaye daga farko har ƙarshe, bai tsallake ko kalma ba. Mai Rumfa ya ce kayan ƙaninsa ne, shi dillali ne kawai. Dattijon ya juya kujera ɗaya ya nuna masa tambarin shagon da aka buga da jan fenti a bayanta. Baba ne ya buga tamburan nan ɗaya bayan ɗaya, har yau akwai tabon fentin a tsohon wandonsa. Goggo kuma ta miƙa rasit mai hatiminsa. Sai a lokacin ya dube ta da kyau ya tambaye ta ita wace ce. Ta ɗauki abin magana, ba ta kashe ba, ta ce ita ce yayar ɗan ƙwadagon nan da bai sani ba sai a fuska. Ta gode masa a madadin ƙungiya bisa kawo kaya a kan lokaci, ta ce a duk masu haya ba ta ga mai cika alkawari irinsa ba. Matan suka yi tafi. Mutanen kasuwa da suka cika bakin fili suka kwashe da dariya.

Ya yi ihu, ya yi rantsuwa, ya kira wannan ya kira wancan, ba wanda ya zo. Da ya gaji ya koma zai zauna, sai dattijon nan ya ce ya yi haƙuri ya tashi, kujerar ta shiga hannun kotu. Haka ya tsaya a rana da shaddarsa. Ba a roƙi ma'aikatansa ba, su da kansu suka kwance rumfunan, direba ya miƙa makulli tun kafin a gama tambaya. A motarsa, da mansa, aka yi ta jigilar kayan zuwa harabar kotu. Na fito daga gindin bishiya na matso har inda zai gan ni, na sauke mayafina daga fuska. Na tsaya a wurin har sai da ya gane ni. Kawu, na duba zuciyata a lokacin, na sake dubawa, ban sami tausayinsa ko ƙwaya ɗaya ba. Daɗi na ji, irin wanda ban taɓa ji ba ko ranar da na zo ta ɗaya a aji.

Yanzu kayan suna jibge a harabar kotu, an manna sanarwar gwanjo a bakin ƙofa. Ba hanyata ba ce, amma kullum idan an tashi makaranta sai na zagaya ta can na leƙa ta shingen waya na gan su, sannan in tafi gida. Ina jin labarin masu taron da suka ba shi kuɗi suna cika masa shago suna neman abinsu, har wata mata ta riƙe masa wuyan riga. Idan na ji irin wannan, abinci ya fi shiga. Na san ba halin da kuka koya mini ba ne, na kuma roƙi Allah gafara, amma ba zan rubuto maka abin da ba shi ne a raina ba. Ina so in tsaya a wurin gwanjon in ga an sayar da su ɗaya bayan ɗaya, yana kallo. Ina so babbar rumfar nan ta tafi a kuɗin tsohon ƙarfe, a sare ta a gabansa.

Bayan ƙwacen ne ya gano hanyar gidanmu, wadda ya ɓata tun ranar da Baba ya faɗo. Ya zo da dattawa biyu da ledar ayaba. Ya durƙusa a gaban gadon Baba yana kiransa ɗan'uwa, yana share ido da hula. Ya ce shaiɗan ne, ya ce a sakar masa kaya ya ci gaba da juyawa, duk wata zai kawo wani abu. Ina tsaye bayan labule ina kallonsa. Tunda ya shigo har ya fita bai tambayi Baba yaya ƙafar ba. Bai kalli ƙafar ba ma. Idonsa na kan Umma, don ya san inda taushi yake. Goggo ta tambaye shi me ya kawo yau a matsayin somin-taɓi, sai ya ce wai a bari kaya su fito tukuna. Ta ce to ya ɗauki ayabarsa ya fara juyawa da ita. Da ya ga nan ba ta ɓulle ba, sai ya tuna yana da aboki a nesa.

Ka ce yana da iyali. Gaskiya ne, 'yarsa ma makarantarmu ɗaya, tana aji na ƙasa da ni, kuma ban taɓa ce mata uffan ba, ba laifinta ba ne. Har yanzu a mota ake kawo ta. Gidansu yana nan, ba wanda ya taɓa shi, ai shi ya sa ya rubuta sunan matarsa. Ka ce ma'aikatansa za su rasa aiki. Wannan ya dame ni, har na kasa cin abinci ranar da na ji. Amma direban da kansa ya zo gaida Baba, ya ce kada mu damu da su, duk wanda ya sayi kujeru zai nemi mai ɗauka, kuma da wuya a sami wanda ya fi wannan rowa. Ka ce a yi haƙuri. Kawu, mun yi haƙuri har likita ya fara yi mana faɗa. Ya ce aikin da za a yi wa Baba a ƙashin baya ba ya jiran kowa, duk watan da ya wuce damar tashin ƙafar tana raguwa, kuma akwai lokacin da ko an kawo kuɗin zai ce a mayar. Lauya ta ce abin da gwanjon zai kawo zai isa aikin ko ya kusa. Ta kuma ce idan aka saki kayan, kafin rana ta faɗi za su koma sunan ƙaninsa da takarda, kuma ba zai sake hayar ko cokali ga baƙuwar fuska ba. 'Yan kunnen Goggo kuwa sun riga sun tafi.

Ga inda muke yanzu. Baba ya ce kai ka samo masa aikin nan lokacin da ba shi da komai, kai ka ba shi Umma, ba zai iya tsallake maganarka ba ko da ƙafafunsa biyu ne za su tafi. Umma ba ta taɓa ce maka a'a ba tunda aka haife ta. Goggo ta yi faɗa har muryarta ta dishe, amma ta ce ita dangin miji ce, ba ta da bakin shiga tsakanin wa da ƙanwarsa. Lauya ta rubuto takardar janyewa saboda Baba ya nema, ta miƙo mini ita ba tare da ta dube ni ba. Tana nan ƙarƙashin matashin Baba, ya ce ba zai sa hannu ba sai ka sake kira ka tabbatar. Gwanjon kuwa farkon watan gobe ne. Kalma ɗaya daga bakinka ita za ta raba.

Ina roƙonka da girman Allah da darajar iyayenku, ka kira Umma ka ce ka janye maganarka, a bar kotu ta ƙarasa aikinta. Idan kuma ka ga ba haka ba, to akwai abin da ya kamata ka sani tun yanzu, don kada ka ji shi a bakin wani. A gidan nan ni ce mai kai takardu kotu. Baba ba ya tashi, Umma ba ta san ofis ɗin ba kuma ba ta iya shiga, Goggo ta rantse ba za ta taɓa takardar ba. Ban taɓa saɓa maka ba, Kawu, amma ba zan kai ta ba. Ba zan yaga ba, ba zan ɓoye ba, zan bar ta inda take. Idan lallai sai an kai, sai dai ka zo da kanka. Ka shigo ɗakin, ka ɗaga kan Baba, ka zaro ta daga ƙarƙashin matashinsa, ka kai wa abokinka.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce na gode da mayafin da ta sako cikin kaya. A gaida Yaya Babba da fatan aikin da ya samu yana tafiya daidai, da 'yan biyu, da Ƙaramar Umma, a ce mata ina nan ina ajiye mata littattafaina na bara. Auta yana gaishe ku, ya ce a gaya wa 'yan biyu haƙoransa sun kusa fitowa. Idan na yi rashin kunya a cikin wannan takarda ka yafe mini, amma ban janye ko layi ɗaya ba. Allah ya bar zumunci, ya nuna maka gaskiya ya ba ka ikon bin ta.

Wassalam.

Ni ce 'yarka,
Shiru-shirun gidan ƙanwarka.